Yadda nake cire banish daga fok ɗin keke na alminiyam

Abin da ya sa na taɓa fok ɗin kekena, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, tun farko wasu fararen zane-zane ne siri-siri da suka fito a ƙarƙashin banish, sun yi ta miƙewa kamar sawun gara a jikin bango. Na goge da tsumma, ko gezau. Ashe tsakuwa ce ta ɓantare banish ɗin a wuri ɗaya, danshi da gishirin gumi suka samu ƙofa, suka shiga suna cin ƙarfen ta ciki. Idan naka ya kai haka, banish ɗin ya daina kare komai, danshi ma yake riƙewa, gara a cire shi.

Amma kafin ka sayi ko buroshi, juya fok ɗin ka dubi inda ƙafafunsa biyu suka haɗu da kafaɗarsa. Walda ka gani, ko kuwa an zura ƙafafun ne aka manne su da gam? Wannan tambayar ta fi duk sauran aikin nauyi a wurina. Akwai kekunan da aka haɗa da gam mai ƙarfi, irin Vitus 979 na Faransa, haka kuma fok da yawa na zamani ƙafafunsu na zaren kabon ne, alminiyam ɗin a sama kawai yake. Maganin cire fenti bai san bambancin banish da gam ba, duka zai narkar. Fok kuwa shi ke riƙe da tayar gaba, ranar da ya saki kana cikin gudu, fuskarka ce za ta fara isa ƙasa. In gam ne ko kabon, kada maganin ya kusanci wurin, da hannu za a bi shi a hankali, ko a kai wa wanda ya ƙware. Haka fok mai sifirin na kekunan hawa dutse: ƙasansa sau da yawa magneziyam ne, kuma shi yana ruɓewa da sauri idan aka tsiraita shi. Ɗiga masa ruwan khal a inda fenti ya kankare, magneziyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai yi ba.

Sai ka tabbatar banish ne. Wani fok ɗin a masana'anta ake kauraro masa fatarsa da lantarki, wannan fata ba fenti ba ce, jikin ƙarfen ce, kuma ta fi kowane banish kariya. Jiƙa tsumma da asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, ka danna a wuri mai ɓoye, ko ka ɗan kankara da reza. Banish yakan yi laushi ko ya ɓare kamar ɓawo. In bai motsa ba, bar shi yadda yake.

To, aikin. Cire fok ɗin daga keken, kwance birki, ka rufe doguwar sandar sama da mazaunin boris da tef. Nemi maganin cire fenti wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da alminiyam. Masu ƙarfi na da can, waɗanda ke ɗauke da sinadarin dichloromethane, Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a su, Amurka ma ta hana a 2019, saboda tururinsu ya kashe mutane a rufaffen ɗaki. Na yanzu sun fi jinkiri, sai haƙuri. A waje nake yi, da safar hannu da tabarau. Shafa shi da kauri, naɗe da leda don kada ya bushe, ka jira har banish ɗin ya yamutse. Kankare da abin roba, tsohon katin banki ya isa. Sau biyu na maimaita kafin lungun kafaɗa ya fita. Daga nan wanka da ruwa da sabulu mai sauƙi, a bushe sarai.

Abu uku ne ba na bari su taɓa fok. Na farko sodar da ake sabulu da ita, da duk maganin wanke tanda mai ɗauke da ita: narkar da alminiyam take yi, tana fitar da iskar haidurojin, ta bar ƙarfen da toka-toka da ramuka. Na biyu wuta. Yawancin waɗannan fok ɗin na haɗin alminiyam mai lamba 6061 ne ko 7005, ƙarfinsu kuma daga gashin da aka yi musu a masana'anta ya fito, a kan zafi ƙayyadadde. Harshen wuta zai warware wannan ƙarfin, kuma idonka ba zai ga alamar komai ba. Na uku soson ƙarfe da buroshin waya, kuma a nan ni kaina na yi kuskure. Na dirje ƙafa ɗaya da soson ƙarfe don in gama da wuri, ta yi kyau ranar, bayan ruwan sama biyu sai ga ɗigo-ɗigon jar tsatsa. Ɓurɓushin baƙin ƙarfe ne ya nutse a jikin alminiyam, kuma idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu da ruwa a tsakaninsu, alminiyam ne ke ciyuwa. Sai da na sake goge ƙafar gaba ɗaya.

Samfefa ta ruwa ce abin amfani: lamba 400 a inda zanen nan ya ci, sannan 800, 1200, har 2000. Bi tsawon ƙafar, kada ka zagaya ta, domin ƙarzanen da ya gitta shi ne mafarin tsagewa. Kada ka bi rami da gugar ƙarfi don ya ɓace, bangon bututun siriri ne. Yanzu da ƙarfen yake tsirara, haska fitila ka bi walda da bakin da taya ke shiga. Alminiyam yana tara gajiya, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi yadda baƙin ƙarfe ke yi. Tsaga ko kamar gashi ce, ko rami mai zurfin da farce ke maƙalewa kusa da walda, fok ɗin ya gama aiki.

Shin zai ci tsatsa in aka bar shi haka? Ba irin ta baƙin ƙarfe ba. Da iska ta taɓa shi yake yi wa kansa wata fata siririya ƙwarai, ita ke kare shi. Abokin gabarta gishiri ne: gumi, iskar bakin teku, gishirin da ake zubawa a titi a ƙasashen ƙanƙara. Shi ke huda ta ya bar farin gari da ƙananan ramuka.

Mai son hutu ya goge da asiton ya sake fesa banish a ranar, wanda aka yi don ƙarfe tsirara, kuma kada ya yi wa ƙarfen sheƙin madubi tukuna, fenti ba ya kama santsi. Banish mai haɗi biyu, wanda ake gauraya sinadarai biyu kafin a fesa, ya fi daɗewa, sai dai tururinsa guba ne, dole a sa takunkumi mai matata. Ni na zaɓi barin nawa tsirara, saboda ina son in riƙa ganin ƙarfen da idona. Na goge shi da man goge ƙarfe har tsumma ya yi baƙi ƙirin, na shafa kakin mota, na sa giris a kan kowace ƙusa ta baƙin ƙarfe da ke shiga jikinsa. Duk ranar da ruwa ya dake ni a hanya, ina dawowa nake ɗauraye shi in tsane, kakin kuma ina sabunta shi duk wata.