Yadda za ka rubuta labarin binciken kisa a garinmu

Marubutan onlayin sun fara shiga harkar labarin bincike, wato a kashe wani ko a yi sata sai a yi ta farautar wanda ya aikata, kuma wallahi abin yana min daɗi. Matsalar dai yawanci fim ɗin Turawa ake juyewa, sai ka ga ɗan sanda a unguwar Jekadafari ta Gombe yana ɗaukar zanen yatsa yana tura jini lab sakamako ya fito kafin la'asar. Mai karatu ɗan Gombe ya san ba haka abin yake ba, nan take zai ajiye.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya ka san wa ya yi kisan, don me, da ƙarfe nawa. Samu takarda ka rubuta gaskiyar abin da ya faru a ranar, sannan a gefe ka rubuta ƙaryar da kowane mutum zai shara wa mai bincike da dalilinsa, don ba mai laifi kaɗai ke ƙarya ba, wani bashi yake ɓoyewa, wata kuma ta fita unguwa ne ba da izinin miji ba.

Sai ka taƙaita waɗanda ake zargi. Agatha Christie gwana ce a nan, a littafinta And Then There Were None na 1939 mutum goma ta killace a tsibiri ba hanyar fita. Kai ba ka buƙatar tsibiri, gidan haya mai ɗaki shida a Bolari ya isa, ko motar haya da ta lalace da daddare wajen Alkaleri a hanyar Bauchi.

Inda nake so a tsaya sosai shi ne gawa. Mu nan mutum ya rasu da safe, kafin azahar an yi wanka an sa likkafani an kai shi makwancinsa, kuma da wuya dangi su yarda likita ya yanka gawa. Kar ka ɗauki wannan a matsayin cikas, shi ne ma ƙarfin labarinka. Wa ya ga jikin mamacin? Wanda ya yi masa wanka. To ka sa dattijon nan ya ga wani shati a wuya ya yi shiru saboda sutura, abin yana cinsa a rai har ranar sadakar uku, sannan ya faɗa wa mutum ɗaya tak. Shaidunka kuma su ne mai shayin bakin layi da ya san wa ya wuce bayan isha'i, ɗan acaɓa, mai POS, 'yan sintiri, da mai unguwa da yake so a kashe maganar a cikin gida.

Mai binciken ma ba dole sai ɗan sanda ba. Mma Ramotswe, mai bincike a littattafan Alexander McCall Smith, wadda ta fara fitowa a 1998, mace ce a Botswana da sanin halin mutane ne jarinta. Femi Kayode kuma a Lightseekers na 2021 masanin halayyar ɗan Adam ya sa ya binciki kisan ɗalibai uku da taron jama'a suka yi, tambayar can ita ce me ya sa aka kashe su. Ungozoma ko malamin firamare da ya yi ritaya zai iya wannan aikin, tunda ana sakin baki a gabansu.

Kuma don Allah kar ka cuci mai karatu. Duk hujjar da za a kama mai laifi da ita ka nuna ta tun da wuri, ka dai binne ta cikin hira, banda mafarki ko boka ya zo ya tona asiri a shafin ƙarshe. In ka gama, ba wa mutum biyu su karanta zuwa rabi, ka tambaye su wa suke zargi. In duk sun canka daidai, koma ka ƙara wa wani dalilin kisa.