Nanotub na karbon a ƙarƙashin matsi: inda ɗalibanmu ke tuntuɓe

Duk lokacin da na zauna gyaran takardun ɗalibai a nan Damagaram, jimla ɗaya ce ke ta dawowa: "Nanotub ya fi ƙarfe ƙarfi." Daga nan sai a ɗiga aya. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba a faɗi ta wace fuska ba.

Ku dubi tiyon ban-ruwa na masu lambu. Ƙarti biyu su ja shi, ba zai tsinke ba, amma yaro ya taka shi sai ya lotse. Haka nanotub yake, wato siririn bututu na atom ɗin karbon, wanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991. Mai bango ɗaya faɗinsa bai cika wuce nanomita 1 zuwa 2 ba (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita). Ta tsawo, taurinsa ya kusa gigapaskal (ma'aunin matsi) 1000, na ƙarfe kuwa wajen 200. Idan matsi ya zo ta gefe, bakinsa da ke zagaye sai ya koma siffar ƙwai, sannan ta ɓawon gujiya mai ƙwaya biyu, har ya lafe. Don haka kafin ku rubuta kowane adadi, ku fara faɗin ta ina aka matsa.

Wasu kuma suna zaton mai faɗi ya fi juriya. Akasin haka ne. Ninka faɗin sau 2, matsin da zai lotsa shi ya ragu kusan sau 8. Mai bango da yawa, ɗaya cikin ɗaya, ya fi tirjiya.

Lotsewa kuma ba karyewa ba ce. Sau da yawa, da an saki, bututun yakan miƙe ya koma yadda yake.

Kada a haɗa tauri da ƙarfin jure tsinkewa. Gigapaskal 130 da aka auna wa girafen (shafin karbon mai kaurin atom ɗaya) a 2008 ƙarfin jure tsinkewa ne, kuma na shafi ne marar aibi. Inda atom ya ɓace, nan tsagewa ke farawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗalibin da ya rubuta gigapaskal bai san nauyinta ba. Guda ɗaya ta kusa matsin iskar da muke shaƙa sau 10,000. A 1992, a Grenoble ta Faransa, an danne ƙwallon karbon mai suna C60, mai atom 60, da sauri da wajen gigapaskal 20, ya rikiɗe ya zama daiman ba tare da an hura wuta ba.