A Fara Nemo Kuɗin Guda Ɗaya

Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, kuma roƙona ga iyaye da yayyen da ke taya yara aikin gida shi ne kada a fara da haddace ƙa'ida. Idan tambaya ta ce biro 6 naira 900 ne, nawa ne biro 10, a tambayi yaro abin da kowane mai cefane zai tambaya: ɗaya nawa? Ya raba 900 gida 6, ya sami 150. Daga nan sai ya ce 150 sau 10, naira 1,500. Ko biro 37 aka ce, hanyar ba ta canzawa.

A sa shi ya riƙa faɗin amsar da cikakken sunanta: "naira 150 kowane biro", ko "kilomita 60 a awa ɗaya" ga motar da ta ci kilomita 180 cikin awa 3. Yaron da ya rubuta 60 kawai, galibi bai san me ya raba da me ba, kuma gobe zai juya rabawar.

Sai kwatanta farashi. Wani shago sabulu 4 naira 1,400, wani kuma 6 naira 1,980. Da yawa za su zaɓi na farko don kuɗinsa bai kai ba. Idan suka raba, sai su ga na farko 350 ne guda, na biyu 330.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tarawa a wurin ninkawa. Ka ce kofi 2 na shinkafa na shan ruwa kofi 3, to kofi 4 fa? Sai yaro ya ce 5, wai an ƙara 2 nan, a ƙara 2 can. Kada a yi masa tsawa, tunani ya yi. A ce masa ya dafa a tukunya biyu, kowacce kofi 2. Da kansa zai ƙirga ruwa kofi 6. Bayan haka a zana jadawali: 2 da 3, 4 da 6, 6 da 9. Ya raba ruwa da shinkafa a kowane layi, zai ga 1.5 ne kullum. Wannan adadin da ba ya motsi shi ne shaidar abubuwan biyu suna tafiya daidai wa daida.

Amma a nuna masa inda hakan ba ya aiki. Hayar kujerun biki, kowacce naira 100, ga kuɗin dako naira 2,000: kujera 10 naira 3,000, kujera 20 naira 4,000. Kujeru sun ninku, kuɗi bai ninku ba. Don haka kafin ya raba komai, ya gwada da kansa: idan na ninka wannan, ɗayan zai ninku?