Yadda Ake Riƙe Kuɗi Da Jirage A Zero Hour

Kusan duk yaron da na koya wa Generals Zero Hour, wasan yaƙin kwamfuta nan na 2003, yana zama sai ya ɗauki Janar Granger mai jirage, kuma duk wuri ɗaya suke faɗuwa. Dala 10,000 ɗin da ake ba ka a farko sai su ga kamar ba ta ƙarewa, su kafa filin jirgi su cika shi da jirgin yaƙinsa King Raptor, kafin ka ce kwabo aljihu ya bushe, abokin gaba ya shigo da motocinsa babu mai tare shi tunda Granger ba shi da tankar yaƙi irin Crusader ko Paladin.

To ɗan'uwa ga yadda ake yi. Tashar wuta tukuna, doza (motar gini) ta biyu, sannan Supply Center (ginin da ke karɓar kaya ya mayar da su kuɗi) guda biyu kafin ka ko kalli filin jirgi. Kowace 2,000 ce, tana zuwa da Chinook, helikwaftan kwasar kaya, ɗaya kyauta, ka ƙara mata ɗaya, kuma ka manna ginin jikin wurin kayan yadda ba za su yi doguwar tafiya ba. Kar ka sa Chinook uku a wuri ɗaya, guda ne ke lodi a lokaci ɗaya, na ukun tsayawa zai yi a sama yana bin layi. Chinook na kwaso 600 a sawu guda, King Raptor kuma 1,100 ne, ka ga kowane jirgi kusan sawu biyu kenan.

Sai filin jirgi. Huɗu yake ɗauka amma ka fara da biyu, ragowar kuɗin ka yi bariki ka fitar da 'yan Missile Defender, sojojin roka, su tsare ƙofa.

Yanzu wurin da ya taɓa karya ni, kuma har yau yana min ciwo. Wani dare muka haɗa laftof da abokina, shi yana ɓangaren 'yan sari-ka-noƙe na GLA, na tara jirage huɗu na danna su kai tsaye kan kasuwarsa ta Black Market mai kawo masa kuɗi ban leƙa hanya ba, ashe ya jera Quad Cannon, motocin kakkaɓo jirgi, a bayan wasu gidaje a tsakiyar taswira. Ɗaya ne ya dawo yana hayaƙi, 3,300 ta tafi cikin ƙiftawar ido, shi kuwa kowace mota 700 ya saye ta. Lesar da ke jikin King Raptor makami mai linzami take kakkaɓowa, harsashin Quad da na Gatling ɗin China babu abin da take musu, wallahi da yawa ba su san wannan ba. Kuma jirgi a miƙe yake tafiya, in ya zubar da kayansa ya juyo gida fanko a miƙe, nan ne ake cinye shi. Don haka ka haska wurin da tauraron leƙen asiri tukuna, ka riƙe Alt ka zana masa hanya ta gefen taswira, in ka ga Quad biyu a tare ka haƙura kawai.

Me za ka buga? Dozar mutum, motocin kwasar kayan China, tashar wuta. Kar ka ɓata makami kan lebura na GLA, 200 ne, zai sake wani nan take.

In kuɗi ya fara wuce 3,000 yana zaune, sai fili na biyu. Kama rijiyar mai da sojan Ranger, 1,000 ake ba ka nan take, kafa Strategy Center (cibiyar dabarun yaƙi) da Supply Drop Zone (inda jirgi ke sauke maka kuɗi) tun kayan ƙasa ba su ƙare ba. Aurora kam, jirgin nan mai jefa bam, ni ba na sayenta sai ina da Drop Zone biyu, tsada gare ta kuma a hanyar dawowa ake harbo ta. Ka sa Patriot ɗaya, ginin tsaro mai harba makami mai linzami, kusa da filin, in aka rusa filin jiragen shawagi za su yi ta yi har su faɗo.