Yadda Ake Saita Imel a Manhajar Thunderbird da Gano Inda Matsala Take Idan Wasiƙa Ta Ƙi Tafiya

Yawancin mutane a burauza ko a waya suke duba imel ɗinsu, kuma hakan ya wadatar ga wanda wasiƙa ɗaya ko biyu yake samu a mako. Amma ma'aikacin da ke riƙe da adireshi biyu ko uku, ko wanda yake aiki a inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, ya fi samun sauƙi idan ya girka manhajar imel a kan kwamfutarsa, domin tana tara masa wasiƙun wuri guda, tana kuma ba shi damar karanta tsofaffi da rubuta amsa ko da babu intanet, sai ya aika idan layi ya dawo. Da Thunderbird za mu yi misali, manhajar kyauta ce da Mozilla ta fitar da cikakken zubinta na farko a shekarar 2004, tana kuma aiki a Windows da macOS da Linux. Adireshin da za mu saita na Gmail ne, sai dai ƙa'idar ɗaya ce ga Yahoo da Outlook da imel na ma'aikata.

Abin da ya kamata a fara fahimta, wanda kuma shi ne mabuɗin kusan kowane gyara, shi ne cewa hanyar karɓar wasiƙa daban take da hanyar aikawa. Kowace tana da tata sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke kula da wasiƙun, kowace kuma tana da lambar ƙofarta. Hanyar aikawa sunanta SMTP, ta karɓa kuwa iri biyu ce, IMAP da POP. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga kwamfuta tana karɓar wasiƙu lafiya ƙalau amma ta kasa aika ko guda.

Tsakanin IMAP da POP, shawarata ita ce a ɗauki IMAP. Shi yana barin wasiƙun a sabar, kwamfuta kwafi kawai take nunawa, don haka abin da ka karanta ko ka goge a kwamfuta haka zai bayyana a wayarka. POP kuwa tsohon tsari ne na lokacin da mutum na'ura ɗaya yake da ita: yana sauko da wasiƙun, kuma idan ba a zaɓi a bar kwafi a sabar ba, yana iya kwashe su daga can. Ranar da aka sace kwamfutar ko ta lalace, wasiƙun shekaru sun tafi da ita ke nan.

Saitin kansa ba ya cin lokaci. Idan ka buɗe Thunderbird karo na farko, za ta nemi sunanka yadda kake so ya bayyana ga wanda ka rubuta wa, da cikakken adireshinka. Kana latsa Continue za ta nemo saitunan Gmail da kanta, ka zaɓi IMAP, sannan wata taga ta Google za ta buɗe inda za ka shigar da kalmar sirrinka ka kuma amince wa manhajar ta shiga akwatinka. Idan kana da tabbatarwa mai mataki biyu, wayarka ta kasance a hannu, domin za a turo lamba ko saƙon amincewa. Da ka gama, ka aika wa kanka wasiƙa guda. Idan ta fita kuma ta dawo, hanyoyin biyu suna aiki.

Inda manhajar ta kasa gano saitunan da kanta, sai a shigar da su da hannu. Ga Gmail, sabar karɓa ita ce imap.gmail.com a ƙofa ta 993 da tsaron SSL/TLS, ta aikawa kuwa smtp.gmail.com a ƙofa ta 465 da SSL/TLS, ko ta 587 da STARTTLS. Ga Yahoo, imap.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com ne, da lambobin nan dai. A lura cewa lambar ƙofa da nau'in tsaro tare suke tafiya. Wanda ya haɗa 465 da STARTTLS zai zauna yana kallon manhaja tana ta ƙoƙari har ta gaji. A gurbin sunan mai amfani kuma, cikakken adireshi ake rubutawa har da abin da ke bayan alamar @. Imel na jami'a ko na kamfani, sashen kwamfuta na wurin ne zai ba da sunayen sabar, kada a yi ta cinta.

Matsalar da ta fi tayar wa mutane hankali ita ce manhaja ta dinga cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, alhali mai ita ya tabbata daidai ya rubuta. Sau da yawa shi ke da gaskiya. Tun ranar 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun Gmail na ɗaiɗaikun mutane da suna da kalmar sirri zalla, Microsoft ma ya bi sahu a adireshin Outlook da Hotmail a watan Satumba na 2024. Tsarin da suke karɓa yanzu shi ne OAuth2, wato wannan tagar da take buɗewa ka shiga kai tsaye a shafin kamfanin. Saboda haka ka shiga Account Settings, ka duba Server Settings, ka mayar da hanyar tantancewa zuwa OAuth2, sannan ka gangara ƙasa wajen Outgoing Server ka yi haka nan, domin a nan ne mutane suka fi mantawa. Idan tagar Google ta ƙi buɗewa yadda ya kamata, ka shiga Settings na manhajar ka duba ko an hana karɓar kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a kwamfuta, a sashen Privacy & Security. A sashen nan ne kuma ake samun Saved Passwords, inda za ka goge tsohuwar kalmar sirri idan ka canza ta kwanan nan, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Tsohuwar manhajar da ba ta san OAuth2 ba, sai an ƙirƙiro mata kalmar sirri ta musamman mai harafi 16 daga asusun Google, wadda ba ta samuwa sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Kafin ka taɓa kowane saiti, duk ranar da imel ya tsaya, ka fara buɗe akwatinka a burauza. Wannan gwajin na minti guda yana raba gardama: idan burauza ma ta kasa, laifin na intanet ne ko na asusun, kuma babu abin da za ka canza a Thunderbird ya yi magani. A nan ne ma za ka ga ko ma'ajiyarka ta cika, domin gigabait 15 na kyauta da Google ke bayarwa Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi, kuma idan hotunan waya suka cinye shi, wasiƙu sun daina shigowa.

Idan karɓa tana tafiya amma aikawa ta ƙi, to hankalinka ya koma kan SMTP kaɗai. Ka tabbata ba ƙofa ta 25 aka saka ba, domin kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta don daƙile wasiƙun banza. Wanda ke da adireshi fiye da ɗaya ya duba ko kowane yana amfani da tasa sabar aikawa, saboda akan samu adireshin ofis yana ƙoƙarin fita ta ƙofar Gmail. Saƙon kuskuren da ya bayyana ma yana magana, a daure a karanta shi maimakon a yi saurin rufewa: lamba 535 tana nufin sabar ba ta yarda da shaidarka ba, 550 galibi adireshin wanda ka aika wa ne babu shi ko aka ƙi karɓa, 552 kuwa tana nuna girma ya wuce iyaka. Gmail megabait 25 yake yarda a maƙala, kuma fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan aka shirya shi don aikawa.

Akwai kuma wata matsala da ta zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutoci na hannu: gargaɗi ya fito cewa takardar shaidar tsaron sabar ba ta inganta ba. Kafin ka zargi kowa, ka kalli agogon da ke kusurwar allo. Idan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin kwamfutar ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya duk sanda aka kashe ta, sai manhaja ta ɗauka shaidar ba ta fara aiki ba tukuna. Ka gyara kwanan wata da yankin lokaci, ka kuma canza batirin. Idan agogo daidai yake amma gargaɗin ya ci gaba, musamman a intanet ɗin otal ko na taron jama'a, kada ka latsa amincewa don kawai ya tafi.

Mai sayen data da kuɗinsa ya kula da ranar farko, domin Thunderbird za ta so sauko da duk wasiƙun da ka tara tun buɗe asusun. A cikin Account Settings, a sashen Synchronization & Storage kana iya taƙaita ta ga wasiƙun kwana 30 na baya, ka kuma cire jakar All Mail daga waɗanda ake saukewa, tunda maimaici ce ta abin da ke sauran jakunkunan. Jakar da ta fara nuna wasiƙu babu rubutu, ko take maimaita su, ka latsa ta da maɓallin dama, ka shiga Properties ka zaɓi Repair Folder, sai manhajar ta sake gina jerin. Dukkan saitunanka da wasiƙun da aka sauke suna cikin jaka guda, wadda a Windows za ka same ta idan ka rubuta %APPDATA%\Thunderbird a gurbin adireshi na File Explorer. Ka rufe manhajar tukuna, sannan ka kwafe jakar dungurungum zuwa filashi kafin ka kai kwamfutar wajen mai gyara.