In ruwa ya shiga tankin man lodarka, kar ka murɗa makulli tukuna

Jama'a assalamu alaikum. Tun da damana ta kama mutum uku ke nan sun kira ni kan magana ɗaya, ruwa ya shiga tankin ƙaramar loda, irin wagga da kowa ke kira Bobcat ko da ba kamfanin Bobcat ya ƙera ta ba, kuma dukkansu sai da sunka tada injin ya yi ta tari yana mutuwa kafin su neme ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, don ni ma abin ya taɓa cina, kuma wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Tawa lodar yashi da tsakuwa take lodi, wani lokaci a kai ta gyaran fili in za a fara gini. Cikin wani watan Agusta muna aiki wajen Kwannawa kusa da Sakkwato, yaron da ke tuƙa ta ya zuba gas, wato dizal, da marece, ya aje marfin tankin ya manta bai mayar ba, cikin dare aka kwana ana ruwa. Da safe ya ga marfin a ƙasa, ya ɗauka ya goge ya rufe, bai gaya ma kowa ba, tsoro yake kar in yi faɗa. Ya tada ta, ta yi kamar minti goma lafiya lau, sai ta fara shaƙewa, farin hayaƙi na fita ta salansa, in ya cika bokiti zai ɗaga sai ƙarfi ya tsere. Ta mutu, ya sake kiki, ta mutu, ya sake. Sai da batir ya kusa sauka ya kira ni yana cewa "Oga, mota ta ƙi." Mun yi kwana shida ba aiki, nozul biyu, wato abubuwan da ke fesa mai cikin inji, sai da anka canza. Ban kore shi ba, yaro ne mai hankali, yana wurina har yanzu, amma ranar na ce mai in ya sake ganin marfi a buɗe ko da tsakar dare ne ya buga min waya kafin ya taɓa makulli.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne ruwa ya fi gas nauyi. Litar ruwa kilo 1 ce cif, litar dizal kuwa ba ta wuce kilo 0.83 zuwa 0.85 ba, don haka in sun haɗu a tanki ruwan ƙasa yake kwanciya, man ya hau sama. To matsalar ita ce bututun da ke jan mai zuwa inji shi ma kusa da gindin tanki bakinsa yake. Muddin ba ka tada injin ba ruwan na nan kwance wuri ɗaya yana jiran ka fitar da shi, aikin awa ɗaya ko biyu ne. Da ka murɗa makulli kuwa ka tura shi cikin tiyo, cikin filta, cikin famfo, har nozul. Wasu lodocin ma famfon jan mansu na lantarki ne, makulli kawai za ka kunna ba tare da ka yi kiki ba ya fara ja, shi ya sa nake cewa ko fitilun dashbod kar ka ce za ka duba. Cire makullin ka sa aljihu.

Mutane na raina ruwa a mai saboda sun saba da fetur da tsofaffin injina. Famfon dizal da nozul shi man da kansa ke musu aikin maiƙo, ƙarafan ciki a matse suke ƙwarai, in ruwa ya maye gurbin mai sai su fara cin juna, in kuma motar ta kwana biyu a aje tsatsa ta kama su. Sababbin injinan nan masu kwamfuta da ake ce ma kwaman rel sun fi laulayi, matsin man da ke cikinsu ya kai 1,600 har ya haura 2,000 a ma'aunin matsi da ake ce ma bar, ɗan ruwan da tsohuwar loda mai injin Kubota za ta yi tari ta tofar ta ci gaba da aiki, su yana iya kashe musu nozul. Kuma kun san kuɗin nozul yanzu, ga wahalar samun na asali, sai an aika Kano ko Legas.

To yanzu aikin kansa. Ka bar motar inda take, bokiti a ƙasa. In dole sai an ɗaga hannayen lodar kafin a kai ga wani wuri, a sa ƙarfen tokare da anka yi dominsu, kar kowa ya cusa kai ƙarƙashin hannu a sama ba tokare, wanga ba maganar wasa ba ce. In an ɗan motsa motar ko an ja ta, ba ta kamar awa ɗaya man ya natsu. Sai ka nemo gorar ruwa fara wadda ake ganin ciki, busassa, da baho ko yankakkiyar jarka, da tsumma, da sifana. Sigari da wutar mai shayi su yi nisa.

Buɗe ƙofar baya ka duba filtar mai. Galibinsu a gindinta akwai ɗan abin murɗawa na roba, wasu ma da ɗan kofi mai haske da za ka ga ruwan kwance a ciki, wannan ita ce mai raba ruwa da mai. Tara gorar ka sassauta shi da hannu, ba sai ka cire duka ba. In bai zubo ba sassauta ɗan notin iska da ke saman kan filtar. Ruwan zai fara fitowa fari, sai wani abu mai kama da kunun kanwa, sannan mai tsantsa. Ka rufe, ka ɗaga gorar ka duba ta a hasken rana. Za ka ga layi ya raba su sarai, ruwa ƙasa mai sama. In ɗan kaɗan ne, cokali biyu uku, kuma ka san ba wani ruwan sama da ya shiga, to wannan na yau da kullum ne. In kuwa kofin ya cika da ruwa to akwai saura da yawa a tanki.

Tankin shi ne babban aiki. Wasu lodocin na da noti a ƙasan tanki, sai ka kwanta ka cire faranti ƙarƙashin motar kafin ka gan shi, kuma yawanci laka da yashi sun rufe wurin, ka wanke ka goge kafin ka kwance. Kwance shi a hankali, kar ka zare gaba ɗaya lokaci guda man ya yi maka wanka, ɗan sassautawa kawai ruwan ya riƙa tsiyaya. In tankin roba ne ka bi da notin sannu wurin ɗaurewa, in hanyar ta lalace ka jawo ma kanka wani aiki. In taka ba ta da notin, ka sami famfon hannu da tiyo mai haske ka zura ta bakin tankin har ka ji ta taɓa ƙasa. Dabarar da bakaniken da ke min aiki ya koya min, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran manyan motoci, ita ce a ɗaura tiyon da waya mai ƙarfi don kar ya lanƙwashe ya ɗago sama, kuma in da hali a sa jak ko katako a ɗan karkata motar ruwan ya taru kusurwa ɗaya. Don Allah kar a ja da baki. Na san an saba, amma dizal in ya shiga huhu ciwo ne babba.

Ka riƙa ɗiba kana duba gora, kana ɗiba kana dubawa, har sai ka ga mai garau ba layi a ƙasa. A nan ne mutane ke rabuwa biyu. Wasu su ce tunda ruwa ya ƙare a bar sauran man, gas ya yi tsada. In motar ba a tada ta ba kuma man ya fito garau, na yarda. Amma in an riga an tada ta ta yi aiki ta jijjiga, za ka ga man ya yi duhu duhu ko fari fari kamar an ɗiga madara, ruwan ya gauraye da shi ke nan, wannan kam juye shi duka cikin durom mai tsabta. Bayan kwana biyu uku zai natsu, ka ɗebi na sama ka tace, ni tsohon janareta nake ba shi, ba na mayar da shi cikin loda mai kwamfuta.

Wani abu kuma, in ka ga baƙin yauƙi na fitowa tare da ruwan, mai wari, to ruwan ba na jiya ba ne. Ƙwayoyin cuta ne ke rayuwa daidai inda ruwa da mai sunka haɗu, su ke toshe filta kowane sati kana ta zagin mai saida filta. Wannan sai an wanke tankin sosai, in da hali a sauke shi, a ɗauraye da dizal mai kyau a juye a jarka, a bar shi ya bushe. Akwai maganin kashe su da ake zubawa a tanki, amma in ba ka fitar da ruwan ba za su dawo.

Filta kam canza ta, kar ka yi ciniki da kanka. Takardar cikinta in ta sha ruwa kumbura take, ta daina aiki yadda ya kamata. Shafa ɗan mai a robar sabuwar ka ɗaura da hannu. In injin mai kwamfuta ne kar ka cika sabuwar filtar da mai daga jarka kafin ɗaurawa kamar yadda anka saba, man da ka zuba ta tsakiya bai bi ta tacewa ba, kai tsaye famfo zai wuce da dattinsa. Ni ina sayen biyu, don ragowar ruwan da ke cikin tiyo kan ɓata ta farkon cikin kwanaki kaɗan. In an riga an tada motar, cire tiyon da ke zuwa daga tanki ka bar mai ya bi ta ciki cikin baho har ya fito da tsabta.

Sai ka zuba sabon mai, ka cire iska. Sassauta notin iska na kan filta, ka riƙa matsa ɗan famfon hannun nan, a wasu roba ce kamar ƙwai a jikin tiyo, har kumfa ta daina fita mai ya zo tsantsa, ka ɗaure, ka ci gaba da matsawa har ya yi tauri. Sannan ka yi kiki, kar ka wuce sakan 15, ka ba sitata minti ɗaya ta huce kafin ka sake. A tsofaffin injina makanikai kan sassauta fayif ɗin nozul su fitar da iska, amma a kwaman rel kar ka kuskura, man da ke fita da wannan matsin yana huda fata ya shige nama. In ta tashi bar ta tana silo minti goma sha biyar ba kaya, ka saurara. Ka kashe, ka sake tsiyaye gindin filta. Gobe da jibi ma haka, kullum da safe. In bayan duk wanga tana ci gaba da rawa, ko farin hayaƙi bai ɗauke ba, ko ta nuna lamba a allo, tsaya nan ka kira mai aikin famfo da nozul, ci gaba da tilasta mata ƙara maka kuɗin gyara zai yi.

Kar kuma wani ya ce ka zuba fetur ko sifirit wai ya shanye ruwan. Abin da sifirit ke yi shi ne ya haɗa ruwan da man, sai ya samu hanyar wuce filtar da anka sa don ta tare shi, ya isa nozul. Ruwan da ka tsiyayo kuma kar a kwarara shi kwata ko bakin fadama, duk wanda ya san yadda mutanenmu ke noman albasa da shinkafa a bakin gulbin Rima ba zai so gas ya bi ruwa can ba. Tara shi a jarka ka ba masu karɓar baƙin mai.

Game da inda ruwan ke fitowa, mu nan Sakkwato iskarmu busassa ce mafi yawan shekara, gumin cikin tanki da ake yawan magana a kai sai daga Yuni zuwa Satumba yake damunmu, lokacin in ka bar tanki rabi ya kwana, iskar ciki mai laima ta huce sai ta zama ɗigo a bango. Shi ya sa da damana nake sa a cika tanki da marece bayan an tashi aiki. Amma a abin da na gani da idona, durom ya fi kowa laifi. A bar shi tsaye a fili, ruwa ya taru a samansa kewaye da marfi, rana ta gasa shi da rana, dare ya yi ya huce ya zuƙo ruwan ta bakin marfin ko da a rufe yake. Kwantar da durom ɗinka, ko ka sa mai katako ta gefe ɗaya ya karkata ruwan ya kauce ma marfi, ka lulluɓe da tamfol. In an kawo sabon durom bar shi ya kwana kafin ka ɗiba, kuma kar bakin famfo ya taɓa gindi, ɗaga shi kamar taƙi ɗaya. Man bakin hanya in dole ta sa ka saya, zuba kaɗan a gora ka jira minti biyar ka duba a gaban mai saidawa.

Sai masu wanki da injin feshi, su ma su kauce ma bakin tanki. Kuma ka cire marfin naka yau ka duba robar da ke ciki, zafin watan Afrilu na nan yana busar da ita ta tsattsage, tawa sai da na lanƙwasa ta da yatsa na ga tsagar, a ido lafiya lau take. In ba a samu sabon marfi nan da nan ba, ɗaura leda da roba a kai in za a kwana, amma a tuna a cire da safe kafin a tada, don ta marfin nan tanki ke shan iska a yawancinsu.