Yadda Ake Kare Ma'aikata a Filin Ginin da Ƙasarsa Ta Gurɓata

Kafin a kafa diga a filin da ake zargin ƙasarsa ta gurɓata, wajibi ne a fara bincikar abin da aka taɓa yi a wurin. Tsohon gidan mai yakan bar tanki a binne yana yoyo shekara da shekaru, wurin fasa batura yakan bar gubar dalma, tsohon juji kuwa yana ci gaba da fitar da iskar gas ko da an daɗe da rufe shi. Daga nan sai a ɗebi samfurin ƙasa da na ruwa a wurare da zurfi daban-daban a kai ɗakin gwaji, domin sau da yawa ƙasa mai guba ba ta da launi ko warin da zai tona mata asiri.

Guba tana shiga jiki ne ta numfashi, ko ta fata, ko ta baki, kuma ƙura ce babbar jakadiyarta. Saboda haka a riƙa yayyafa ruwa a inda ake haƙa, a lulluɓe tarin ƙasar da aka tono, a kuma wanke tayoyin manyan motoci kafin su bar filin. Idan aka ci karo da ɓaraguzan asbestos, wato wani ma'adini mai zare-zare da ake samu a tsofaffin kayan gini kamar rufi da silin, kada a fasa su ko a share su a bushe, domin cutar da zarensa ke haddasawa a huhu takan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana.

Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne raba filin gida uku: wurin aiki, wurin wanka da tuɓe kaya, da wuri mai tsabta, ta yadda ba mai fita sai ya bi ta tsakiya. A nan ne lebura zai goge takalminsa a cikin ruwa, ya tuɓe rigar aiki, ya wanke hannu da fuska da sabulu har ƙarƙashin farce, sannan ya wuce wuri mai tsabta ya ci abinci. A hana ci da sha da shan taba a wurin haƙa. Kada a bar kowa ya tafi gida da kayan aiki, domin ƙurar dalmar da ta maƙale a wando tana iya kaiwa ga ƙananan yara, waɗanda ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa.

Rami mai zurfi yana da nasa haɗarin na daban. Akwai iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka take kwanciya a ƙasan rami, kuma idan ta yi yawa takan kashe jin warin baki ɗaya, mutum ya zaci ta wuce. A auna iskar da na'ura kafin shiga da kuma lokacin aiki, kada kowa ya sauka idan oksijin ya gaza kashi 19.5 cikin ɗari, sannan a tsayar da mutum ɗaya a bakin ramin. Ya kamata a sani cewa takunkumin ƙura ba ya tare gas, kuma ko a kan ƙurar ma, gemu yana hana shi kama fuska sosai.

Duk wanda ya tono ganga, ko ya ga ƙasa ta canja launi, ya dakata nan take ya sanar da shugaban aiki, a killace wurin har sai an sake gwaji.